Ma'auni Na Tara

Farfesa Eusebio Ticona ya zana dutse a allo,
ya ja kibiya daga ƙololuwa har gindi,
ya ce, "Iska mai sanyi ta fi nauyi.
Da dare takan gangaro kamar ruwa,
ta kwanta a kwari.
Gonar da ke ƙasa ita ce ke fara mutuwa."
Na kwafe ra'in tsaf, har da kibiyar,
na ɗauko shi a jaka daga birnin Puno
zuwa ƙauyen da mota ke shiga ranar Laraba kawai.

Ma'aunin sanyi goma sha huɗu aka ba ni.
Na kakkafa su a gonakin dankali,
daga ƙafar dutse har inda numfashi ke gagarata.
Kullum kafin gari ya waye ina bin su ɗaya ɗaya,
yatsu sun ƙage, biro ya ƙi rubutu
sai na hura masa iskar bakina.

Sha uku sun yi wa Farfesa biyayya.
Na tara ya yi gardama.
Yana can ƙasan kwari, gonar Fortunata Huallpa,
inda ya kamata raɓa ta daskare ta ƙone ganye,
amma kowace safiya sai ya ce lafiya lau aka kwana.

Ba zan ɓoye ba,
dare biyu na yi da niyyar share shi.
Layi ɗaya ne a takarda, wa zai neme shi?
In rubuta "ya lalace", in huta.
Sai dai na musanya shi da na uku.
Na ukun ma, da ya kwana a wurin, ya koyi gardama.

Akwai malamin makaranta, Nicanor Apaza,
surukin Fortunata ne.
Shekara goma sha ɗaya yana rubuta sanyin safiya
a ragowar littattafan 'yan aji.
Ya zube mini su a tebur, ya ce, "Gani ya kori ji."
Na buɗe. Lambobi tuli, kamar hatsin da ba a sheƙe ba,
babu wadda aka taɓa yi wa tambaya.
Ɗumin gonar yana ciki, shafi bayan shafi,
bai taɓa ba shi mamaki ba
don bai taɓa sa ran ganin wani abu daban ba.
Ni kuwa kibiyar allo ce ta koya mini mamaki.

Na koma gonar da almuru, hannu rabbana.
Fortunata na cire ciyawa, ba ta ɗago ba,
ta ce, "Kina taka mini shuka."
Na ja baya, na dafa katanga.
Baƙaƙen duwatsu ne, tsayin ƙugu,
rana ta faɗi amma suna nan da ɗumi
kamar murhun da aka sauke wa tukunya.
A kusurwar gangare ga wata kafa da kakanta ya bari.
"Ta nan sanyi ke fita," in ji ta. "Kar ki toshe."

Ashe iskar ta gangaro yadda aka faɗa,
masauki ne ba ta samu ba.

Na aika wa Farfesa doguwar wasiƙa.
Amsarsa layi biyu ce:
"Kibiyar tana nan, allona ne ba shi da katanga.
Amma gona ɗaya ba hujja ba ce. Nemo wasu."

Na nemo bakwai masu katanga da kafa.
Biyar suna da ɗumi.
Biyu sun daskare ƙurmus, ban san dalili ba tukuna.
Nicanor ya ja sabon layi a littafinsa,
ya rubuta "me ya sa" a samansa,
ya ce gobe zai raka ni.

Ƙarfe huɗu za mu fita.
Na sa biro a hammata don kar ya daskare.